Yadda za ka gane makaɗan da ke bayan tsofaffin waƙoƙin soul na Amurka

Kunna My Girl ta The Temptations, ka tsayar da ita tun kafin mawaƙin ya buɗe baki. Ai ka riga ka gane waƙar ko? To abin da ya sa ka gane ta hannun mutum biyu ne, James Jamerson da ya fara shigowa da jitar bes tana dum-dum kamar bugun zuciya, sai Robert White ya ɗora tasa jitar a kai tana hawa kamar mai hawa bene. Faifan ya fito ƙarshen 1964 kuma babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jiki. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Ni dai tun da na gane haka na kasa jin tsohuwar waƙar soul ban tambayi kaina su waye suka kaɗa ba, kuma abin yana da hanya, ana koyonsa, shi ne zan nuna maka yadda nake bi.

Ka fara sanin dalilin da ya sa sunayen suka ɓace, don shi zai nuna maka inda za ka nema. A shekarun 1960 yawancin mawaƙan soul, wato salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka na lokacin, ba su da nasu makaɗan a situdiyo. Kamfani ko situdiyo ne ke da makaɗa na gida, su ke zaune kullum, mawaƙi ya shigo a yi masa kiɗa ya fita wani ya shigo, wani lokacin ma kiɗan ake fara ɗauka kafin a yanke shawarar wanda zai rera. Makaɗin kuɗin zaman ranar ake biyansa ko albashi, shikenan an sallame shi, in waƙar ta sayar da miliyan kason da ke biyo baya na marubuci ne da kamfani da mawaƙi. Ƙaramin faifan nan mai waƙa ɗaya a kowane gefe kuwa abin da ake bugawa a kansa sunan mawaƙi ne da marubuci da furodusa. Motown ma, kamfanin faifai na garin Detroit da ya fitar da My Girl, sai a 1971, a kundin What's Going On na Marvin Gaye, aka jera sunayen makaɗanta a jikin kwali, alhali kamfanin tun 1959 yake.

Kayan aiki ba su da yawa amma kar ka yi wasa da na farko: hedfon ko iyafis mai ɗan kyau. Sifikar waya cinye bes take yi gaba ɗaya, kuma rabin labarin nan a bes yake. Sai ka saba da jin waƙa sau uku. Karo na farko ka ji ta yadda kowa ke ji. Na biyu ka manta da murya kwata-kwata, ka bi bes da ganga kawai, kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu, ka lura da abin da ke faɗowa a kan bugu na biyu da na huɗu don nan ne kowane gari ke sa hannunsa. Na uku ka saurari na gefe, jita, fiyano, ogan, masu busa, 'yan amshi. Da farko za ka ji kamar komai ya cakuɗe, ka yi haƙuri, kwana kaɗan kunnen zai fara rarrabewa.

Yanzu ga babbar ƙa'idar, wadda in ka riƙe ta ka gama rabin aikin. Tambayarka ta farko ita ce a wane ɗaki aka ɗauki waƙar kuma a wace shekara. Sunan kamfanin da ke jikin faifai yaudarar mutum yake yi sosai. Ɗauki Wilson Pickett, mawaƙin kamfanin Atlantic ne na Niyok, duk faifansa tambarin Atlantic za ka gani. Amma In the Midnight Hour ta 1965 a situdiyon Stax na Memphis aka yi ta da makaɗan Stax. Mustang Sally ta 1966 a situdiyon FAME aka yi ta, can Muscle Shoals a jihar Alabama, da wasu mutane daban. A 1970 kuma ya tafi Filadelfiya wurin furodusoshi Gamble da Huff, inda aka yi Engine Number 9. Murya ɗaya, kamfani ɗaya, ɗakuna uku. Ka jera ukun nan ka ji su a jere, wallahi babu darasin da ya fi wannan sauri, tunda muryar ba ta canza ba duk bambancin da ka ji na makaɗa ne.

To bari mu bi ɗakunan.

Detroit ce za ta fi cin lokacinka. Situdiyon Motown wani gida ne a lamba 2648 titin West Grand Boulevard da mai kamfanin, Berry Gordy, ya maƙala wa allo mai rubutun Hitsville U.S.A., ɗakin ɗaukar kuma ɗan ƙarami ne a bayan gidan, har makaɗan suka sa masa suna ramin macizai. Su ne ake kira Funk Brothers, yawancinsu 'yan jaz ne da aka kwaso daga kulob-kulob ɗin dare na garin, da rana su yi wa kamfani aiki da dare su koma kiɗan da ransu ke so. Alamar farko da za ka ji ita ce tamburin, ɗan abin nan mai ƙarafuna a gefe da ke kacau-kacau, a hannun Jack Ashford, kuma a Motown ɗaga sautinsa ake yi har ya kusa danne ganga. Alama ta biyu jita ce mai sara guda ɗaya tak, cas, a kan biyu da huɗu, wannan yawanci aikin Joe Messina ne, don su uku ke zama a jere, shi da Robert White da Eddie Willis, kowa da gurbinsa ba mai taka wani. A ganga akwai Benny Benjamin wanda ya rasu 1969, da Richard Allen da ake kira Pistol, da Uriel Jones, kuma suna da wata 'yar gajeriyar gangara, wato bugu mai sauri a jere a kan gangunan, da suke buɗe waƙa da ita wadda in ka ji sau biyar ba za ka ƙara mantawa ba. Earl Van Dyke shi ne shugaba a kan fiyano, hannunsa nauyi gare shi. Kuma mutanen nan ba abin da ba su kaɗawa, a Nowhere to Run ta 1965 sarƙar da ake ɗaura wa tayar mota lokacin dusar ƙanƙara aka yi ta bugawa.

Sai Jamerson, wanda shi kaɗai ya isa a yi masa mako guda. Da babbar bes ta tsaye ya fara, ya koma Fender Precision ya tafi da salon can, da yatsa ɗaya yake ja, manuniya, tsirkiyoyinsa masu santsi ne kuma ba ya canza su sai in sun tsinke, ga soso da ke ƙarƙashin murfin gadar jitar yana kashe amon. Shi ya sa sautinsa ba ƙyalli, dunƙulalle ne, yana faɗowa ya mutu nan take. Amma abin da zai fi tona maka shi tafiyarsa ce. Sauran masu bes na lokacin suna samun zagaye ɗaya su yi ta maimaitawa, shi kuwa musamman daga 1966 zuwa sama da wuya ya maimaita abu iri ɗaya sau biyu, yana shiga tsakanin bugu, yana bi ta sautukan da ba ka zata ba sannan ya dira daidai inda ya kamata, kai ka ce wani mawaƙi ne na biyu ke rerawa a ƙarƙashin na farko. Nemi For Once in My Life ta Stevie Wonder, a YouTube akwai inda aka ware bes ɗin shi kaɗai, ka ji abin mamaki. Ya rasu a Los Anjalis a 1983 yana da shekara 47, sai a 2000 aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama gwanayen kiɗa na Amurka.

Memphis kuwa akasin haka ce, in Detroit ta cika ɗaki da kaya Stax sharewa take yi. Tsohon gidan silima ne a lamba 926 titin East McLemore, ƙasan ɗakin ma a karkace yake yadda aka gina shi don kujerun 'yan kallo. Makaɗan gidan su ne Booker T. & the M.G.'s, waɗanda su dai sun ɗan tsira daga ɓata tunda sun yi suna da Green Onions a 1962: Booker T. Jones a ogan, Steve Cropper a jita, Al Jackson Jr. a ganga, sai bes da Lewie Steinberg ya fara riƙewa kafin Donald Dunn da ake kira Duck ya karɓa. Da zuwan Dunn sun zama biyu baƙaƙe biyu farare, a garin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a lokacin. Yadda za ka gane su: ganga busasshiya ba ado, Jackson ba ya yawan gangara, bugu na biyu da na huɗu kuma yana ɗan makara kaɗan kamar mai jan ƙafa da gangan. Wannan makarar a In the Midnight Hour ta fito fili, Jerry Wexler na Atlantic ne ya tashi a situdiyon ya taka wata rawar da matasa ke yayi don ya nuna musu inda yake son nauyin ya faɗa. Jitar Cropper siririya ce mai kaifi, ya ɗan soka ya janye. Inda Motown za ta sa 'yan amshi, Stax masu busa take sawa su amsa wa mawaƙi, kuma a nan za ka riƙe sunan Wayne Jackson mai turamfet da Andrew Love mai saksofon, su ne daga baya suka zama Memphis Horns. In ka ji fiyano a waƙar Stax kar ka yi saurin cewa Booker ne, ya tafi jami'ar Indiana karatun kiɗa a tsakiyar shekarun, sau da yawa Isaac Hayes ne ke kan kujerar.

Kar ka haɗa Stax da Hi Records duk da gari ɗaya suke. Al Green da Ann Peebles a situdiyon Royal na Willie Mitchell suka yi aiki, makaɗan can 'yan'uwa uku ne ciki ɗaya, Teenie Hodges a jita, Leroy a bes, Charles a ogan, da Howard Grimes a ganga. Kiɗansu taushi gare shi, ganga mai kauri a ƙasa, ogan yana shigowa kamar numfashi ya fita. Abin da ke rikita mutane shi ne Al Jackson yana zuwa nan ma ya buga, yana cikin Let's Stay Together ta 1971 har da sunansa a marubuta, kuma masu busan su ne dai na Stax.

Muscle Shoals ce ta taɓa ba ni kunya, na daɗe ina rantsuwa cewa I'll Take You There ta The Staple Singers kiɗan M.G.'s ne saboda tambarin Stax ne a jiki. Ashe a Alabama aka yi ta, kuma waɗanda suka kaɗa fararen fata ne 'yan karkara: David Hood a bes, Roger Hawkins a ganga, Jimmy Johnson a jita, Barry Beckett a fiyano. Su ake kira Swampers. A FAME na Rick Hall suka taso, a 1969 suka ɓalle suka buɗe nasu a lamba 3614 Jackson Highway a garin Sheffield da ke maƙwabtaka, don haka in ka ga Muscle Shoals sai ka sake duba shekara, kafin 1969 ko bayanta, don ɗaki biyu ne. Abin dariyar ma amsar tana cikin waƙar ban lura ba, a tsakiya Mavis Staples tana kiran sunan Barry da na David ɗaya bayan ɗaya kowa ya yi nasa. Wannan wata dabara ce da za ka riƙe, mawaƙan soul suna yawan kiran makaɗi da suna in daɗi ya kwashe su, a Soul Man ta 1967 ma Sam Moore ya kira Steve, Cropper kenan. Sai dai a yi hattara, a waƙar Staples ɗin inda take kiran mahaifinta ya kaɗa jita, Eddie Hinton ne ya kaɗa a faifan.

Kunne kaɗai yana wahalar kama 'yan Muscle Shoals don su hawainiya ne, launin mawaƙin da ya zo suke ɗauka, har buɗewar waccan waƙar daga wani kiɗan Jamaika na 1969 mai suna The Liquidator aka ɗauko ta. Gwajin da ya fi taimaka mini shi ne Respect. Otis Redding ya yi ta a 1965 a Stax da M.G.'s. Aretha Franklin ta sake yin ta a Fabrairun 1967 a Niyok, amma makaɗan daga kudu aka ɗauko su a jirgi bayan zamanta na farko a FAME ya watse da rigima, Hawkins a ganga, Tommy Cogbill a bes, Johnson a jita, Spooner Oldham a ogan, ita da kanta a fiyano, King Curtis ya busa saksofon. Ka ga nan ko sanin ɗakin bai wadatar ba, ɗakin Niyok ne hannun na Alabama. Ji biyun a jere ka bi ganga kawai.

Filadelfiya ba ta da wuyar ganewa, ba sai na ja ba. Situdiyon Sigma Sound, taron makaɗa sama da talatin da ake kira MFSB, bayolin da ƙahoni a cike kamar bikin sarauta, a ƙasa kuma mutum uku, Ronnie Baker a bes, Norman Harris a jita, Earl Young a ganga. Young za ka bi: gangar ƙafa a kan kowane bugu huɗun, faranten ƙarfen nan na haihat suna buɗewa tsss a tsakani, ji The Love I Lost ta 1973 za ka ji inda disko ya samo tafiyarsa. I'll Be Around ta The Spinners tambarin Atlantic ne da ita amma nan aka yi ta.

Akwai ramuka da kusan kowa ke faɗawa. Ba duk waƙar Motown ce ta Funk Brothers ba, kamfanin ya koma Los Anjalis a 1972 kuma tun kafin nan yana ɗaukar wasu a can, I Want You Back ta Jackson 5 a 1969 a can aka yi ta, bes ɗin da mutane ke jingina wa Jamerson na Wilton Felder ne. Superstition ta 1972 kuwa Stevie Wonder da kansa ya buga ganga da kilabinet (wani irin fiyano na lantarki) da bes na na'ura, masu busa kawai ya ɗauko. Sannan akwai akasin haka, waƙar da ba ta Motown ba amma su ne a ciki, don suna satar jiki su je aikin waje duk da kamfani ya hana, Higher and Higher ta Jackie Wilson a Shikago aka yi ta a 1967 amma Jamerson da Pistol Allen da Robert White ne a ciki. In kunnenka ya ce maka wannan ai Detroit ce alhali takarda ta ce wani gari, kar ka yi saurin ƙaryata kunnen.

Bayan kunne sai takarda. Manhajojin sauraron waƙa suna da wurin da ake nuna masu hannu a waƙa amma a tsofaffin nan yawanci marubuci da furodusa kawai za ka tarar. Ka je Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faifai, ka nemi kundin, kar ka tsaya a bugun farko, ka duba waɗanda aka sake fitarwa daga shekarun 1990 zuwa sama, su ne ke zuwa da ɗan littafi mai ranar ɗauka da sunan situdiyo da jerin makaɗa, kuma mutane suna ɗora hoton kwalin ka karanta da idonka. Shafin MusicBrainz ma yana taimakawa wajen wurin ɗauka. Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar kwantiragin ƙungiyar makaɗa ta American Federation of Musicians, wadda ake cikewa a kowane zama da sunan duk wanda za a biya, in marubuci ya ce daga ita ya ɗauko to ka ba maganarsa nauyi fiye da ta wanda ya ce an ce. Hirar makaɗan da kansu tana da daɗi kuma tana da amfani, amma mutumin da ya yi waƙa uku ko huɗu a zama ɗaya, kullum, shekara goma, dole wani abu ya cakuɗe masa. Shahararriyar taƙaddamar ita ce ta Carol Kaye, gwanar bes ta Los Anjalis, wadda ta ce ita ta kaɗa wasu waƙoƙin Motown irin su Bernadette da I Was Made to Love Her, mutanen Detroit kuma suka ce Jamerson ne. Ni kunnena Jamerson yake ji, kuma Allan Slutsky da ya rubuta tarihin Jamerson a 1989 can ya tsaya, amma ka ji da kanka tukuna kafin ka shiga musu. Fim ɗin Standing in the Shadows of Motown na 2002 daga littafin nasa aka yi shi, a ciki za ka ga fuskokin waɗanda suka rage a lokacin suna kaɗawa, bayan shekara biyu aka ba su Grammy ta girmamawa.

'Yan amshi ma kar ka tsallake su, matsalarsu ɗaya da makaɗa. A Motown mata uku ne, The Andantes, Jackie Hicks da Marlene Barrow da Louvain Demps, in ka ji muryoyin mata a sama a waƙar Four Tops su ne. A Atlantic kuma The Sweet Inspirations, ƙungiyar Cissy Houston mahaifiyar Whitney.

Ka buɗe fayil a waya ko ka sami ɗan littafi, kowace waƙa layi ɗaya, shekara, ɗaki, mai ganga, mai bes, kuma ka rubuta hasashenka kafin ka duba amsa, in ba haka ba kanka za ka yi ta yaudara kana cewa ai dama na sani. In ka yi kamar ashirin sai ka gwada kanka da kundin What's Going On, tunda masu bes biyu ne suka raba shi, Jamerson da Bob Babbitt, kundi ɗaya mawaƙi ɗaya. Waƙar farko mai sunan kundin Jamerson ne. Mercy Mercy Me da Inner City Blues na Babbitt ne, za ka ji nasa ya fi tsayawa a zagaye ɗaya yana maimaitawa da ƙarfi, sautin kuma ya ɗan fi fitowa sarari. Sauran waƙoƙi shidan ka rufe kwalin ka raba su da kunnenka, sannan ka duba ka ga nawa ka ci.